Kabewar da Stefa Ta Roƙa

Ni Paraska ban yi boko ba. Lokacin da sa'o'ina suke aji, ni agwagi aka ba ni kiwo a bakin rafi. Amma ina gane zalunci in na gan shi, kuma abin da Stefa ta yi wa jikata Orisiya zalunci ne, a gaban kowa zan faɗa.

Orisiya marainiya ce, a hannuna ta tashi. Shi kuma Yarema ɗan Stefa ne, gidansu na bayan coci. Tun kafin ya tafi Chicago aikin rufin gidaje suke son juna, kuma tun a lokacin uwarsa ke hura hanci. Me muke da shi? Akuya ɗaya da 'yar gonar bayan gida. Ita kuwa ta ji labarin maigidan da ɗanta ke wa aiki a can yana da 'ya, Ulyana, haifaffiyar Amurka, ga motocin ubanta ga gida mai hawa biyu. Daga ranar Stefa ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da gira.

Amma yaron ya kafe. Da ya sami takardar zama ɗan ƙasa sai ya nema wa Orisiya biza irin ta masu zuwa aure, ta je Kyiv ta karɓo, ya saya mata tikitin jirgi na tsakiyar Oktoba. Ya ce kuma ba zai ɗauke ta kamar kazar sata ba, sai an yi yadda iyaye ke yi.

Ya turo kawunsa Miron, ƙanin Stefa, da burodi a hannu neman aure. Orisiya ta fito da tawul ɗin da ta yi wa ado da jan zare, ta ɗaura wa Miron a kafaɗa, alamar ta amince. Muka karɓi burodinsu muka ba su namu. Stefa ba ta leƙo ba, wai kanta na ciwo. Na yi kuka ranar, ban ɓoye ba.

Daga nan gidana ya koma tasha. Akwati a buɗe a kan gado, ta zuba kaya ta kwashe, ta zuba ta kwashe. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Kyiv ba, ga ta tana zayyana min hanya kamar direba: bas zuwa Ternopil, jirgin ƙasa zuwa Lviv, daga can jirgin sama zuwa Warsaw, a sauya wani.

"Iya, ta saman teku za mu bi fa."

"To ki zauna nesa da taga."

Kowace Lahadi da yamma Yarema ke kira, lokacin su gari ya waye musu. Sai ta ɗora wayar a tebur ta ƙara murya don in ji.

"Orisiya, ki sayi rigar sanyi mai kauri," in ji shi. "Kar ki ga rana ki ruɗu. Iskar da ke tasowa daga tafkin garin nan in ta mare ki, sai kin kira Iya."

"Wane irin tafki ne haka?"

"Ba a ganin ƙarshensa. Ranar da kika sauka ki huta, washegari in kai ki. Mu shiga jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi, kina leƙa ɗakunan mutane ta taga. Lokacin ganye ya yi ja, duk unguwarmu kamar an kunna mata wuta. Lahadi kuma mu je cocinmu, ki ga fadan da zai ɗaura mana aure."

Na sa baki na ce, "Kai Yarema, ana samun kitsen alade na kirki a garin? Na sa wa namu gishiri, za ta taho maka da shi."

"Iya, ki rufa mana asiri! A filin jirgi za su ƙwace, su tsare ta da tambayoyi."

"Ƙasar da ake tsare mutum saboda kitse, ita kuke rububin zuwa?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Kin san abin da zai ba ki mamaki, Orisiya? Nan in kaka ta yi, kowace ƙofa za ki ga an ajiye kabewa. Kowace ƙofa! Ranar da na fara gani na ce wa abokina, kai, yau duk samarin garin nan an ƙi su ke nan?"

Muka yi ta dariya. Don a wurinmu yarinya in ba ta son mai nemanta, ba ta ɓata bakinta. Kabewa take ɗauka ta sa a hannun ɗan aikensa, ya bi titi da ita kowa ya gani. Namiji ya gwammace a mare shi a kasuwa.

Muka je Ternopil muka sayi rigar sanyin, ruwan ƙasa mai hula. Na busar mata da tuffa, na ce wannan dai in sun ƙwace su ci su ƙoshi. Ta riƙa sa rigar a ɗaka tana zagaya tebur, gumi na zubo mata, tana yi wa akuya Turanci ta taga.

Ana cikin haka, wata Laraba, sai ga Stefa a bakin shingena, fuska a sake kamar ba ita ba.

"Iya Paraska, sannu da aiki. Tunda mun zama ɗaya, roƙo na zo. Kabewata duk ta ruɓe bana, ga shi raina fate da gero yake so. Ko za a taimaka min da ɗaya?"

Na rantse na ji daɗi. Na ce yau Allah ya taɓa zuciyar matar nan.

"Ɗauki biyu ma."

"Ai Iya, bayana ba zai iya ba. Gobe Miron zai biyo ya karɓa. Amarya ta zaɓo min da hannunta, ita ta san mai zaƙi."

Washegari ina can bayan gida ina tonon dankali. Ranar ce kuma Zenon mai zuma ke zuwa duba ƙudan zumarsa a gonar da ke jikin tamu, yakan ajiye motarsa a ƙofarmu. Zenon ɗin nan ya daɗe yana son Orisiya, kowa ya sani, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Stefa ta san ranar zuwansa. Ta san kuma lokacin da mata ke taruwa jiran bas daidai gaban gidanmu.

Lokacin Miron ya zo. Ba keke, ba buhu. Da kwat da wandonsa na zuwa coci, waɗanda ya sa ranar neman auren.

Orisiya ta zaɓo babbar, ta goge ta da tsumma, ta fito har titi ta miƙa masa da hannu biyu. Har da wasa ta yi masa.

"Kawu, ɓoye ta a riga, kar a ce na ƙi ɗanku."

Bai yi dariya ba. Ya rungume kabewar, ya sunkuyar da kai, ya bi tsakiyar titi a hankali kamar mai rakiyar gawa. Matan da ke jiran bas suka bi shi da ido. Wata ƙawar Stefa ta ɗaga waya ta ɗauki hoto: ga Orisiya da hannu a miƙe, ga Miron da kabewa, ga motar Zenon a bayansu.

Kafin in wanke ƙasar hannuna, hoton ya ƙetare teku.

Ranar Asabar a shago wata ta taɓa ni ta ce, "Iya, ashe jikarki ta zaɓi zuma ta bar dala?" Nan na gane. Na fito ban sayi gishirin da na je saya ba.

Lahadi ta zo, waya ba ta yi ƙara ba. Orisiya ta zauna a gabanta har shayinta ya huce. Daga baya ta kira da kanta. Ta kira, ta sake kira, kafin ya ɗauka.

"Yarema, ni ce."

"Na gani."

"Me ya sami muryarka?"

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin sa kabewa a hannun kawuna ko ba ki sa ba?"

"Mamarka ce ta roƙa, fate ta ce za ta..."

"Kin sa ko ba ki sa ba?"

"Na sa, amma ka tsaya ka ji."

"Motar wa ce a bayanki?"

Hawaye suka ɓalle mata. "Yarema, ka san ni fa. Ni ce na tsaya a titi ranar da ka tafi har bas ya ɓace. Shekara nawa ina jiranka? Ƙawayena duk sun yi aure suna goyo, ni ina zaune gaban waya kamar mai gadi. Rigar da ka ce in saya ga ta nan a rataye. Da wane hannun zan ƙi ka?"

"Mutanenmu na nan duk sun ga hoton. Jiya a wurin aiki kabewa aka ajiye min a kujerar mota, suna ta ƙyaƙyata dariya. Kin san yadda na ji?"

"To ni fa? Ni yadda na ji fa?"

"Ki bar ni tukuna, Orisiya."

Ya kashe.

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a cinyata.

"Iya, me na yi wa matar nan? Ni da na ce in na je, abin da zan fara aikowa gyale ne mai ɗumi, nata da naki iri ɗaya. Na zaɓo mata wadda ta fi kowace kyau, Iya. Har gogewa na yi."

"Yi shiru, 'yata."

"Ba zai yarda da ni ba. Kin ji muryarsa? Kamar da baƙuwa yake magana."

Na shafa kanta kawai. In na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito.

Tsakiyar mako sai ga Zenon da kwalbar zuma, ya yi aski, yana ƙamshin turare.

"Iya, na ji abin da ya faru. Ni nawa ba sai ta ƙetare teku ba. Gidana ga shi nan kusa, kullum tana ganin ki."

Orisiya ta leƙo da jajayen idanu. "Zenon, don Allah ka tafi. Ba ka yi min komai ba, amma in na ƙara ganin motar nan a ƙofarmu zuciyata bugawa za ta yi."

Ya tsaya yana juya hula a hannu.

Na ce, "Ba ka ji ba ne? Ko sai na kwanto maka akuya?"

Ya tafi.

Ni ba mai zuwa kotu ba ce, ban san ƙofarta ba. Amma na san ƙofar coci, na san kuma inda kowa ke tsayawa in an tashi. Da safiyar Lahadi ina ɗaura ɗankwali Orisiya ta riƙe min hannu.

"Iya, kar ki yi."

"A titi aka ɓata miki suna, a titi za a wanke shi."

Ta sake ni ta koma ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

Ana fitowa daga coci na tsaya a kan matakala na buɗe murya.

"Stefa! Yaya faten? Ya yi zaƙi?"

Mutane suka ja suka tsaya. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Wane fate kuma? Iya, tsufa ya fara taɓa ki."

"Ya taɓa ni, amma bai taɓa kunnena ba. Wa ya zo shingena yana Iya kaza Iya kaza? Wa ya ce bayansa na ciwo? Ga bayan nan kuwa garau, ya ɗauko ƙarya tun daga gida har coci bai gaji ba!"

Wasu suka tuntsire da dariya. Ta ce, "Jikarki ta ga mai zuma ta yi kwaɗayi. Ki je can ki yi faɗanki da ita."

Na bar ta na juya kan Miron, yana neman sulalewa ta bayan fada.

"Kai Miron, tsaya nan! Yanzun nan ka ci Jibin Ubangiji a hannun fada, ko wuyanka bai wuce ba. Tawul ɗin marainiya ya hau kafaɗarka. Dubi gicciyen can ka faɗa wa mutane: kabewar nan ta ƙi ce ko ta fate?"

Fada ya ce, "Iya Paraska, a hankali."

"Fada, a hankalin aka cuce mu."

Miron ya cire hula. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Ta fate ce," ya ce can ƙasa.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba!"

"Ta fate ce! Yaya Stefa ce ta ce in sa kwat in bi tsakiyar titi. Yarinyar ba ta ƙi kowa ba."

Wurin ya kaure da surutu, mata na yin alamar gicciye a ƙirji. Stefa ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"To an ji," in ji ta. "Ɗana ne, ni na haife shi. Kun san daga ina yake aiki? Daga saman bene, a cikin iska. Bara ya faɗo ya karya haƙarƙari, ku kuna nan kuna zaɓen riga. Uban Ulyana zai sauko da shi ƙasa ya zaunar da shi a ofis. Ke me za ki ba shi? Akuya?"

"Allah ya isa tsakaninmu da ke," na ce.

Na kama hannun rigar Miron na ja shi har gida, mutane na biye da mu kamar biki. Na zaunar da shi a kicin, ko ruwa ban ba shi ba, har yamma ta yi.

Sannan na sa Orisiya ta kira, na danƙa wa Miron wayar. Ya faɗi komai, bai rage ba. Na karɓa na ɗora a tebur na ƙara murya. Na kuma buɗe taga, don maƙwabta sun jingina a shinge, ina so su ji ƙarshen maganar kamar yadda suka ji farkonta.

"To Yarema, ka ji da kunnenka. Za ta taso kamar yadda aka shirya. Ka je filin jirgi da furanni, ka ba ta haƙuri."

Muka ji ƙarar motoci can nesa a wayar.

"Iya," ya ce, "na sani."

"Ka san me?"

"Tun ranar da hoton ya zo na sani. Na san mamata. Na kuma san Orisiya ba za ta yi ba."

Orisiya ta matso ta dafa tebur.

"Ka sani? Ka sani, ka bar ni ina kuka ina rantsuwa? Ka sani, ka tambaye ni motar wa ce?"

"Ki yafe min, Orisiya. Na gaji. Ba ki san zaman garin nan ba. Ɗakin da zan kawo ki a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙafafun mutane kawai ake gani ta tagarsa. Tafkin da nake ba ki labari, sau ɗaya na taɓa zuwa. In na hau rufi yanzu ƙirjina ciwo yake, ga sanyi na zuwa, aiki zai tsaya. Na yi ta neman bakin da zan faɗa miki na rasa. Da hoton ya zo sai na ji kamar an sauke min kaya."

"Ni na ce maka gidan sama nake so? A ƙarƙashin ƙasar zan zauna da kai. Zan yi shara, zan yi wanke-wanke a gidajen mutane. Matan garinmu nawa ke yi a can? Ni na fi su ne?"

"Na sani."

"Ka daina ce min ka sani! Ganyen fa? Jirgin da ke bi ta saman titi fa? Fadan da zai ɗaura mana aure, shi ma tatsuniya ce?"

"Lokacin da nake faɗa, har raina nake faɗa."

"Ulyana ce?"



Ta share fuska da bayan hannu, ta sassauta murya.

"Yarema, abu ɗaya. In na sauka a filin jirgin nan da akwatina, ban san kowa ba, ban iya yarensu ba, za ka zo?"

Muka ji yana kuka. Ƙato da shi, yana shessheƙa kamar an yi masa mutuwa.

"Kar ki taso," ya ce.

Na fizgi wayar. "Matsoraci! Ka turo burodi gidana, na karɓa da hannu biyu, ashe amana za ka ci! Uwarka ta fi ka, ita ta tsaya a gaban mutane ta faɗi nata. Kai kuwa ka laɓe bayan kabewa!"

Ashe ya riga ya kashe. Iska nake ta zagi.

Na waiga taga. Kawunan da ke kan shinge suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Miron ya ɗauki hularsa ya fita da sanɗa.

Na ce, "Kar ki damu, 'yata. Ban gama da su ba. Gobe da sassafe ina wurin fada, sai Stefa ta tsaya a gaban jama'a ta ba ki haƙuri, ko da gwiwa za ta zo. Yau dai duk garin nan ya ji ba ki ƙi kowa ba."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta a bushe, ko ɗigo babu, abin da ya fi kukan tsorata ni ke nan.

"Eh, Iya, sun ji," ta ce. "Jiya ni ce yarinyar da ta ƙi ɗan Amurka. Yau kin tara su sun ji da kunnensu shi ne ba ya so na."

Ta tashi ta rufe tagar.